Suna Ko Sarauta? Sharhi A Kan Sakin Sunayen Taurari A Wasan World of Warcraft

A watan Oktoba na shekarar 2014, kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka, wanda ya ƙago wasan kwamfutan nan da ake kira World of Warcraft, ya zartar da wani hukunci a kan masu yin wasan. Hukuncin kuwa shi ne, duk tauraron da mai shi bai shiga wasa da shi ba tun daga ran 13 ga Nuwamba, 2008, to za a kwance masa sunansa a sake shi, duk wanda ya riga kai hannu ya ɗauka. A tsakiyar 2015 aka maimaita haka, aka matso da iyakar zuwa ran 7 ga Disamba, 2010. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mujallar adabi da rigimar 'yan wasan kwamfuta. To ruwanta a nan shi ne suna. Mu da muke raba dare muna nazarin dalilin da ya sa marubuci ya raɗa wa tauraronsa suna kaza bai raɗa masa kaza ba, bai kamata a tuɓe wa ɗimbin taurari sunayensu rana ɗaya mu kau da kai ba.

Manufata a wannan ɗan sharhi ita ce in nuna cewa sakin sunayen ba laifi ba ne a kan kansa, amma mudun da aka yi awo da shi ba daidai yake ba, kuma asalin cutar tana can baya, tun ranar da aka tsara yadda suna zai zama a cikin wasan.

Yadda Wasan Yake

Saboda waɗanda ba su taɓa leƙa irin wannan wasa ba, kuma na san akwai su a cikin malamanmu, bari mu ɗan yi shimfiɗa. An fito da World of Warcraft ran 23 ga Nuwamba, 2004. Wata duniya ce ta almara mai suna Azeroth, cike da dodanni da matsafa da mayaƙa, wadda mutane ke shiga ta hanyar intanet su yi yawo a cikinta tare, kowa daga ɗakinsa. Mai wasa yakan biya kuɗin wata, kimanin dala 15, sa'an nan ya ƙera mutumin da zai wakilce shi a ciki. Wannan mutumin shi za mu kira tauraro, kamar dai yadda muke kiran mutanen cikin littafi ko wasan kwaikwayo. Zai zaɓa masa ƙabila da sana'a da kamannin fuska, daga ƙarshe ya raɗa masa suna. Da yake na'ura ɗaya ba ta iya ɗaukar jama'ar duka, sai aka yi wa duniyar kwafi masu yawa, kowane kwafi da sunansa da mutanensa. Bari mu kira kowane ɗaya daula.

Dokar suna gajera ce, amma tana da tsauri. Kalma ɗaya tak, daga harafi 2 zuwa 12, ba lamba, ba tazara. Abin da ya fi kome, ba a yarda taurari biyu su yi suna ɗaya a daula ɗaya ba.

Yanzu sai a yi lissafi. A 2010 masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 12. A farkon 2014 kamfanin ya ba da sanarwa cewa asusun da aka buɗe tun farkon wasan sun haura miliyan 100, taurarin da aka ƙera kuwa miliyan 500. A lokacin asusu ɗaya yana iya riƙe taurari har 50. Kuma in mutum ya daina wasa ba a share taurarinsa, suna nan kwance da sunayensu. Saboda haka bayan shekara goma sai tsofaffin dauloli suka zama kamar garin da ya koma kufai, amma kowane kango da kwaɗo a ƙofarsa. Baƙo ya zo ya rubuta sunan da ransa ke so, a ce an ɗauka. Ya sake wani, an ɗauka. Har ya gaji ya ɗora wa wasali ɗigo ko ƙaho irin na rubutun Faransanci, ko ya ninka harafi, ko ya liƙa wani tarkace gaba da baya. Shi ya sa maharba masu sunan Legolas, watau maharbin nan na littafin Tolkien, suka cika wasan, kowanne da irin nasa gurgun rubutu.

Kalmar Da Mai Wasa Ya Rubuta

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne wannan. In aka ɗauki wasan a matsayin ƙagaggen labari, kuma lalle shi ne, to kamfani ne ya rubuta kusan kome. Jigo nasa ne, zubi da tsari nasa ne, garuruwa da sarakunansu da abin da dodo zai faɗa kafin ya mutu duk ma'aikatansa suka tsara. Ko fuskar tauraro da rigarsa zaɓa ake yi daga cikin abin da aka jera. Hirar da 'yan wasa ke yi da juna kuwa iska ke kwashe ta. Kalma ɗaya ce kurum mai wasa ke rubutawa da hannunsa ta zauna daram a cikin labarin, tana bisa kan tauraronsa duk inda ya sa ƙafa, ita ce suna. Watau ita ce ɗan rabonsa na marubuci. Da Abubakar Imam ya raɗa wa abokin hamayyar Alhaji a Ruwan Bagaja suna Malam Zurƙe, ai ba wanda zai zo daga baya ya ce tun da an kwana biyu ba a buɗe littafin ba, a cire sunan a ba wani.

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. A wasan nan ya wuce linzami, shi ne fuska. 'Yan ƙungiyar da suka yi shekaru suna fita yaƙi tare kowane dare, da yawansu ba su san sunan yankan juna ba, balle kamanni. Da sunan tauraro ake kira, da shi ake yabo, da shi ake zagi, da shi ake gane mai cika alkawari da wanda ya wawushe ganima ya gudu.

Takwara Da Galadima

A wurinmu suna ba ya ƙarewa. Aji ɗaya ya tara Musa biyar, ba wanda ya ƙwace wa wani kome, sai ma su riƙa kiran juna takwara ana raha. In ana son bambantawa a ƙara laƙabi, ko sunan uba, ko na gari, kamar yadda aka san Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da sunayen garuruwansu.

Abin da Blizzard ya kira suna ba haka yake aiki ba. Ya fi kama da sarauta. Galadima ɗaya ne a Kano, Galadima ɗaya ne a Katsina. Ana samun su da yawa a duniya, amma ba biyu a fada ɗaya ba. Daidai da dokar daula ke nan. Da zarar kuwa an mai da abu sarauta, dole wata rana a yi maganar gurbi, don ba a barin rawani a kan wanda ya yi shekaru bai zo fada ba, bai kuma aiko ba. Ta wannan fuska hukuncin 2014 yana da hujja, kuma a faɗi gaskiya, an yi shi da sassauci. An yi shela tun kafin ranar. Abin da ake bukata kawai mutum ya shiga da tauraron sau ɗaya. Ba a share tauraron ba, ba a taɓa kayansa ko matakinsa ba. In mai shi ya komo ya tarar wani ya ɗauki sunan, sai ya raɗa sabo. Kusan shekara shida aka ba da, ba kwana shida ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma kwatancin yana da inda ya tsaya, kuma a nan ne nake ganin kamfanin ya yi tuntuɓe. Sarauta ta girmi mai riƙe da ita. Ya tarar da ita da darajarta, zai bar ta da darajarta. Sunan wasa kuwa fanko ne ran da aka ɗauke shi. Mai shi ne ke zuba masa daraja, dare bisa dare, har ya yi nauyi. In aka ba wani, ba rawani kaɗai aka ba shi ba, an haɗa masa da gumin wani. Ita kanta kalmar saki da muke ta faɗa, baki biyu gare ta a Hausa. Ga baƙo, sakin dabba ce daga turke. Ga tsohon mai suna kuwa, saki ne irin wanda alƙali ke yi miji ba ya gari.

Mudu Ɗaya, Hatsi Dabam-Dabam

Mudun da aka yi awo da shi tambaya ɗaya yake yi: yaushe rabonka da shiga? Ba ya tambayar me ka yi da sunan sa'ad da kake nan. Saboda haka ya haɗa mutanen da ba abin da ya gama su.

Akwai mai kama wuri. Wannan ya ƙera tauraro ne ya bar shi a matakin farko, bai taɓa fita da shi ƙofar gari ba, don dai kada wani ya sami sunan. Bai ci ba, bai bar mai ci ya ci ba. Irin wannan ko shekara ɗaya aka ba shi an yi masa alfarma. Abin dariya, shi ne hukuncin bai taɓa ba, in dai yana cikin wasan da wani tauraro. Ba abin da zai ɗauke shi sai ya bi taurarinsa ɗaya bayan ɗaya ya leƙa, cikin 'yan mintoci ya sabunta riƙonsa na wasu shekaru. Watau wanda ya fi cancanta a karɓe wa, shi ya fi kowa sauƙin tsira.

Akwai kuma wanda rayuwa ta janye, ko karatu, ko aure, ko aikin soja, ko rashin lafiya, ko dai rashin kuɗin wata. Ta yiwu tun 2004 yake gina sunan nan har 2008. Shelar ma ba lalle ta kai gare shi ba, don wanda ya tashi daga gari ba ya jin gangar sankira. In ta kai, to shiga da tauraron da ya yi nisa a wasa sai an biya kuɗin wata. A nan dole mutum ya yi 'yar tambaya, domin an saki sunayen ne ana saura wata guda a fito da sabon kashin wasan, Warlords of Draenor, ran 13 ga Nuwamba, 2014, daidai lokacin da kamfani ke neman tsofaffin 'yan wasa su komo. Ban ce don haka aka yi ba, amma dai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Sai wanda ba zai komo ba har abada. Na'ura ba ta san mutuwa ba. A wurinta mamaci da wanda ya gaji da wasa duk ɗaya ne, ranaku ne kawai suka wuce ba su shiga ba. Wanda ke son ya ga nauyin wannan magana sai ya kalli fim ɗin nan na Benjamin Ree, The Remarkable Life of Ibelin, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Sundance a 2024. Labari ne na gaskiya, na wani saurayi ɗan ƙasar Norwe da aka haifa da ciwon nan mai cinye tsoka, ya yi mafi yawan rayuwarsa a keken guragu, ya rasu a Nuwamba 2014 yana da shekara 25. Iyayensa suna zaton cikin kaɗaici ya rayu, ba aboki ba masoyi. Sai bayan rasuwarsa saƙonni suka yi ta zuwa daga ƙasashen Turai, daga mutanen da suka yi shekara da shekaru tare da shi a Azeroth, a wata ƙungiya mai suna Starlight. Wasunsu har Oslo suka zo jana'iza. Ba da sunan yanka suka saba da shi ba, da Ibelin suka saba.

Abin lura a nan, sunan ba shi ya ƙage shi ba. Ibelin sunan wani gida ne na mayaƙan Turawa da suka zauna a ƙasar Falasɗinu a ƙarni na 12, kuma jarumin fim ɗin Kingdom of Heaven na 2005 yana ɗauke da shi. Ashe ke nan ba ƙago suna ke sa ya zama na mutum ba, ba kuma riga kowa kai hannu ba. Zama a cikinsa ne, har jama'a su saba kiransa da shi yana amsawa. Blizzard da kansa ya yarda da haka a aikace, don ya kafa wa Ibelin dutsen kabari a cikin wasan, a dajin Elwynn, inda 'yan wasa kan je su tsaya. To amma wannan an yi masa ne domin labarinsa ya fita duniya, kuma hukuncin 2014 bai shafe shi ba tun da yana wasa har wannan shekara. Sauran fa, waɗanda suka rasu a 2006 ko 2007, ba wanda ya yi fim a kansu? Abin da ya rage musu a Azeroth shi ne sunan nan. Ran da aka sake shi, wata rana da dare sai abokin mamaci ya gan shi yana gudu a kasuwar birnin Stormwind a bisa kan wani baƙo.

Mai karatu zai ce ai mu ma muna mayar da sunan mamaci. In tsoho ya rasu a sa wa jika sunansa, a yi masa alkunya, ba mai cewa an yi fashi, girmamawa ce. Haka ne. Amma dangi ne ke mayarwa, da saninsu, ga wanda suka zaɓa, kuma sunan bai bar kan mamacin ba don an ba jika. A wasa kuwa sai an cire daga kan wancan kafin a ɗora wa wannan, kuma ba a shawarci kowa ba. Ko kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, da ya yi shela a Nuwamba 2019 cewa zai share asusun da suka yi wata shida ba motsi, cikin 'yan kwanaki ya janye, saboda kukan waɗanda ke ziyartar shafukan mamatansu.

Shi ma magajin sunan ba lalle ya ji daɗi ba. Zanen aro ba ya rufe katara. In tsohon mai sunan macuci ne a daularsa, sai a ƙi tafiya yaƙi da sabon, bai san hawa ba bai san sauka ba. In mutumin kirki ne, sai tsofaffin abokai su yi ta masa sallama da murna, shi kuma ya yi ta ba su haƙuri cewa ba shi ba ne.

Sa'an nan wa ke samun sunayen in an sake su? An ce don baƙo aka yi. Amma baƙo bai san ranar ba, bai ma san wane suna ke da daraja ba. Tsofaffin hannu su ke kwana a bakin ƙofa. An ga halinsu a Agusta 2019, da za a buɗe World of Warcraft Classic, watau wasan a kamanninsa na farko. An ba masu biyan kuɗi dama su kama sunaye uku-uku mako biyu kafin buɗewa, aka yi ta turereniya a kan gajerun sunaye. A wasan RuneScape na kamfanin Jagex na Ingila, inda aka saki tsofaffin sunaye kashi-kashi a 2014, gajeren suna haja ne, ana cinikinsa a ɓoye ko da yake dokar wasan ta hana sayar da shi da kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna ya fita daga hannun mai kama wuri na jiya ya faɗa hannun mai kama wuri na yau.

Da Akwai Wata Hanya?

Akwai. Kamfanin Riot Games, mai wasan League of Legends, ya daɗe yana bin wani tsari inda kariyar suna ke tafiya da matakin mai shi: wata 6 ga sabon shiga, tana ƙaruwa har wata 30 ga wanda ya yi nisa. Wa'adin gajere ne ƙwarai in aka gwada da na Blizzard, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ya fi daidai, don ya yarda cewa gumi yana da haƙƙi. A nawa ganin, da an haɗa haƙurin Blizzard da mudun Riot, watau a karɓe na 'yan matakin farko da wuri ko da mai su yana leƙawa, a ƙyale waɗanda aka yi shekaru ana wasa da su, a kuma buɗe ƙofa ga dangi ko 'yan ƙungiya su nemi a killace sunan mamaci, da baƙi sun sami sunaye masu yawa ba tare da an taɓa kabarin kowa ba.

Amma maganin asali shi ne kada a mai da suna sarauta tun farko. Wasannin Guild Wars na 2005 da Final Fantasy XIV sun sa tauraro ya yi suna mai kalma biyu, nan take fili ya buɗe, don kalma biyu in aka haɗa ba su ƙarewa da wuri. Shi kansa Ibelin abokansa sun san shi da suna biyu, Ibelin Redmoore, alhali akwatin suna na wasan kalma ɗaya yake karɓa. Watau 'yan wasa sun riga kamfani ganin bukatar. Blizzard ma ya taɓa hanyar a 2013, sa'ad da ya fara haɗa daulolin da jama'arsu ta ragu. Da takwarori suka haɗu a wuri ɗaya, sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan daularsa a bayan nasa, kamar dai yadda ɗan makaranta ke ɗaukar sunan garinsu, kuma ba a ji duniya ta tashi ba. A asusunsa na Battle.net kuwa suna ne da lamba a baya, kowa na iya ɗaukar sunan da ya so. Riot ma a Nuwamba 2023 ya ajiye tsohon tsarinsa ya koma ga suna da 'yar alama a bayansa.

Sai dai lamba ba laƙabi ba ce. Musa Gajere yana gaya maka wani abu game da Musa. Musa mai lamba 4417 ba ya gaya maka kome, kuma da wuya ka riƙe ta a ka. Discord, dandalin hirar da 'yan wasa ke taruwa, ya yi shekaru yana sa lamba huɗu a bayan suna. A 2023 ɗin nan da Riot ya shiga tsarin, shi kuma ya fita, bisa hujjar cewa mutane ba su tuna lambobin abokansu, ya koma suna ɗaya mutum ɗaya. A makonnin da aka yi ana rabon, turereniyar nan dai aka sake yi a kan gajerun sunaye, kuma waɗanda suka riga buɗe asusu su aka fara ba zaɓi.